Lugude da Haske: Yadda Ake Ƙayyade wa Leza Lokacin Harbi

Da misalin ƙarfe ɗaya na dare, wayewar garin Litinin 5 ga watan Disamba na shekarar 2022, masana a wata katafariyar cibiyar bincike da ake kira NIF, a garin Livermore na jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, suka harba hasken leza guda 192 cikin wani ɗan gwangwani wanda bai fi girman robar goge rubutu ta gindin fensir ba. A tsakiyar gwangwanin akwai wani ɗan ƙwallo mai kamar ƙwayar gero, ɗauke da nau'i biyu na iskar haidurojin. Makamashin hasken da ya shiga gwangwanin jul miliyan 2.05 ne, wanda ya fito kuwa jul miliyan 3.15. Wannan ne karo na farko da aka sa cibiyoyin ƙwayoyin zarra suka haɗe a ɗakin bincike, kamar yadda suke yi a cikin rana, har suka ba da makamashin da ya zarce na hasken da ya tayar da su.

Da labarin ya bazu, ƙarfin lezar shi ne abin da ya fi ɗaukar hankalin jama'a. Sai dai akwai wani sharaɗi da ba a cika ambata ba, wanda in babu shi duk wannan ƙarfi aikin banza ne. Kowane ɗaya daga cikin hasken nan 192 yakan yi tafiyar kimanin kilomita ɗaya da rabi a cikin ginin kafin ya kai ga gwangwanin, kuma ana bukatar su isa tare, bambancin da ke tsakaninsu kada ya wuce wajen kashi 30 cikin tiriliyan na sakan. Na'urorin da ke tabbatar da haka su ne da'irorin lantarki masu ƙayyade lokaci, kuma a kansu wannan maƙala za ta yi bayani.

Mai karatu ya san lugude. Mata uku ko huɗu kan tsaya a kan turmi guda, kowace da taɓaryarta, wannan ta buga ta ɗaga, waccan ta sauke tata. Ƙarfin damtse yana da amfani, amma abin da ke sa dakan ya tafi daidai shi ne kowace ta san lokacinta. In ɗaya ta yi gaggawa ko ta makara, taɓare su yi karo, hatsi ya zube. Na'urar leza ma haka take: sassa da yawa ne ke aiki a kan abu guda, kuma tilas a sami mai gaya wa kowane sashe lokacin da zai sauke tasa taɓaryar.

Ma'aunin Lokacin da Ido Ba Ya Gani

Kafin mu shiga bayanin da'irorin, ya kamata mu san irin lokacin da ake magana a kai. Idan aka raba sakan ɗaya gida miliyan, kowane kaso shi ne maikirosakan. Idan aka raba shi gida biliyan, an sami nanosakan. Kashi ɗaya cikin dubu na nanosakan shi ne fikosakan, kashi ɗaya cikin dubu na fikosakan kuma shi ne femtosakan. Yawan nanosakan da ke cikin sakan guda daidai yake da yawan sakan da ke cikin shekara 31 da 'yan watanni.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar waɗannan alƙaluma ita ce a mayar da lokaci ya zama tsawo. Haske yana tafiyar mita 299,792,458 a sakan ɗaya, wato kusan kilomita 300,000. A cikin maikirosakan guda yakan ci mita 300, tsawon filin ƙwallo uku ke nan. A cikin nanosakan guda kuwa santimita 30 kawai yake ci, daidai tsawon rular da ɗalibi ke ja layi da ita. A fikosakan guda ba ya wuce kaurin takarda uku. Grace Hopper, wata masaniyar kwamfuta a rundunar sojojin ruwan Amurka, ta shahara da raba wa masu sauraren laccarta guntayen waya masu tsawon kusan santimita 30, domin kowa ya riƙe nanosakan a hannunsa ya gani. Da wannan awo, fikosakan 30 na cibiyar NIF daidai yake da milimita 9 a cikin tafiyar kilomita ɗaya da rabi.

Me Ya Sa Leza Ke Bukatar Agogo?

Theodore Maiman ne ya kunna leza ta farko a ranar 16 ga Mayu, 1960, a ɗakin binciken kamfanin Hughes da ke Malibu. Ya yi amfani da ɗan sandan yaƙutu wanda aka kewaye da fitilar walƙiya irin ta masu ɗaukar hoto. Idan fitilar ta haska, ƙwayoyin zarra na cikin sandan sukan sha hasken su adana makamashinsa. Madubai biyu a bakunan sandan sukan sa haske ya riƙa kai da kawo, duk wucewar da ya yi yana kwasar makamashin da aka adana, har ya fito ta madubi ɗaya da ƙarfi.

Matsalar wannan tsari ita ce makamashin yana fita ne tun yana taruwa, kamar randar da ake cikawa alhali gindinta na yoyo. A shekarar 1962, Robert Hellwarth da Fred McClung na wannan ɗakin bincike suka wallafa sakamakon wata dabara. Sai a sa wata ƙofa a tsakanin sandan da madubi ɗaya, a rufe ta, ta yadda haske ba zai iya kai da kawo ba. Fitila ta yi ta ɗura makamashi cikin sandan har ya cika maƙil, sa'an nan a buɗe ƙofar farat ɗaya. Duk abin da aka tara sai ya fito a bugu guda. Misalinsa madatsar ruwa ce da aka bari ta tumbatsa kafin a ɗage mata ƙofa.

A lezar da aka fi amfani da ita ta wannan hanya a yau, wadda ake kira Nd:YAG, ƙwayoyin zarra kan riƙe makamashin na kimanin maikirosakan 230 kafin ya fara zurarewa da kansa. Saboda haka akan buɗe ƙofar wajen maikirosakan 200 bayan kunna fitila. In an buɗe da wuri, sandan bai cika ba. In an makara, abin da aka tara ya soma tsiyayewa. Ita ƙofar kuwa ba ta katako ko ƙarfe ba ce. Wani dutse ne garai-garai mai kama da gilashi, wanda ke juya yanayin hasken da ke ratsa shi idan aka sa masa wutar lantarki ta dubban bolt. Wani Bajamushe, Friedrich Pockels, shi ya yi bayanin wannan hali a shekarar 1893, shi ya sa ake kiran na'urar da sunansa. Tana iya buɗewa cikin 'yan nanosakan.

Mu duba ribar da ake samu. A ce sandan zai ba da kashi ɗaya cikin goma na jul. Idan wannan makamashi ya fita a hankali cikin maikirosakan 200, ƙarfinsa wat 500 ne, bai ma kai na dutsen guga ba. Idan kuwa aka matse shi ya fita cikin nanosakan 10, ƙarfinsa ya zama wat miliyan 10. Makamashin bai ƙaru da ko kaɗan ba, lokacin fitarsa kawai aka gajarta. Da irin wannan gajeren bugu likitocin ido ke huda yanar da kan sake rufe gani bayan an yi wa mutum aikin cire yanar ido, ba tare da an sa wuƙa ba. Ashe ke nan ƙayyade lokaci yana cikin ainihin abin da ke bai wa leza ƙarfinta.

Da'ira Mafi Sauƙi

To, yaya ake sa na'ura ta jira maikirosakan 200 cif? Hanya ta farko tana cikin darasin fiziks na makarantar sakandare. Ana bukatar abu biyu: kafasita, wadda ke tara cajin lantarki kamar yadda bokiti ke tara ruwa, da rezista, wadda ke rage gudun wuta kamar siririn bututu. Idan wuta ta bi ta rezista tana shiga kafasita, ƙarfin bolt na kafasitar yakan riƙa hawa sannu a hankali. Sai a sa wani sashe na uku ya zuba ido, da zarar bolt ɗin ya kai wani mizani ya ba da sigina. Girman bokiti da faɗin bututu su ke yanke tsawon jiran.

Sanannen guntun lantarki mai lamba 555, wanda Hans Camenzind ya tsara kuma kamfanin Signetics ya fitar a kasuwa a shekarar 1972, wannan aiki yake yi. Idan aka taɓa masa kunama, wato aka ba shi siginar farawa, yakan jira har kafasita ta kai kashi biyu cikin uku na ƙarfin batir. Lissafin lokacin shi ne a ninka ƙimar rezista da ta kafasita, sa'an nan a ninka da 1.1. Da rezista mai om 100,000 da kafasita mai maikirofarad 10, jiran zai zama sakan 1.1, wanda ɗalibi zai gani da idonsa idan ya haɗa ƙaramar fitila. Da rezista mai om 18,000 da kafasita mai nanofarad 10 kuwa, jiran zai zama maikirosakan 198, kusan abin da lezarmu ke bukata.

Sai dai wannan da'ira tana da rauni. Ƙimar da aka rubuta a jikin rezista da kafasita kan saɓa da ta gaskiya da kashi 5 ko 10 cikin ɗari, kuma takan sauya da zafi ko sanyi. Da'irar da aka saita da sanyin hunturu ba lallai ta ba da lokaci iri ɗaya da zafin bazara ba. Ga fitilar ado wannan ba komai ba ne. Ga leza kuwa, kuskuren kashi ɗaya cikin ɗari na maikirosakan 200 ya kai nanosakan 2,000, wato ninki 200 na tsawon bugun hasken kansa. Na'urar ɗaukar hoton da aka umurta ta buɗe ido a daidai lokacin bugun ba abin da za ta gani sai duhu.

Daga Cika Bokiti Zuwa Ƙidaya

Hanya ta biyu ita ce a bar auna cikar kafasita a koma ƙidaya. Ma'adinin kwaz yana da wani hali: idan aka yanka shi daidai aka sa masa wuta, yakan yi ta karkarwa da gudu guda wanda da wuya ya sauya. A cikin agogon hannu na batir akwai ɗan guntunsa mai karkarwa sau 32,768 a sakan. An zaɓi wannan adadi ne domin idan aka raba shi biyu, aka sake raba rabin biyu, har sau 15, sai a sami ɗaya, wato bugu ɗaya a kowane sakan.

A na'urar ƙayyade lokaci ta ɗakin bincike akan yi amfani da agogo mai bugawa, alal misali, sau miliyan 100 a sakan, ta yadda tsakanin bugu da bugu nanosakan 10 ne. Idan siginar farawa ta zo, wata da'ira ta soma ƙirga bugun. Da ta ƙirga 20,000, maikirosakan 200 sun cika, sai ta aika wa ƙofar Pockels umurni. Na'ura guda kan kasance da hanyoyin fita da dama, kowace da nata adadi: ɗaya ta fitila, ɗaya ta ƙofa, ɗaya ta kyamara, ɗaya ta na'urar awo. Ita ce ke nan mai ba da kiɗan luguden.

Nan ma akwai ɗan cikas. Siginar farawa ba ta san da agogon ba, tana iya zuwa a ko'ina tsakanin bugu biyu. Idan haka ta faru, jiran zai riƙa bambanta da abin da ya kai nanosakan 10 daga harbi zuwa harbi. Maganin da injiniyoyi suka samo shi ne haɗa hanyoyin biyu. Ƙidaya ta ɗauki babban kason lokacin, ɗan guntun da ya rage tsakanin bugu biyu kuma a auna shi da wata ƙaramar kafasita mai cika da sauri, a cike giɓin a ƙarshen jiran. Da wannan dabara, na'urar DG535 ta kamfanin Stanford Research Systems, wadda ta daɗe tana aiki a ɗakunan binciken leza, ake iya saita jiranta taki-taki da fikosakan 5. Wata hanyar kuma ita ce a sa agogon ya zama shi ne tushen siginar farawa, ta yadda kowane sashe zai bi shugaba guda.

Abokan Gaba Uku

Duk mai haɗa irin wannan da'ira yana fama da abubuwa uku. Na farko shi ne rawar lokaci, wato sigina ta zo yanzu da ɗan wuri, anjima da ɗan latti, ba tare da tsari ba. Babban dalilinta shi ne babu da'irar da ta rabu da 'yar hayaniyar lantarki. A ce bolt yana hawa da ɗaya cikin maikirosakan guda, hayaniyar kuma kashi ɗaya cikin dubu na bolt ce. Wannan zai sa a tsallake mizanin da wuri ko da latti da nanosakan ɗaya. Idan kuwa bolt ɗin yana hawa da ɗaya cikin nanosakan guda, wannan hayaniyar fikosakan ɗaya kawai za ta jawo. Shi ya sa ake son siginar kunama ta miƙe tsaye kamar bango, kada ta hau a kwance kamar tudu.

Na biyu shi ne tsawon waya. A cikin wayar da aka saba amfani da ita a ɗakin bincike, sigina tana tafiya da wajen kashi biyu cikin uku na gudun haske, wato kowace mita tana cin nanosakan 5. Idan mai bincike ya sauya waya mai mita ɗaya da mai mita uku, ya ƙara jiran nanosakan 10 ko da bai taɓa maɓalli ba. Saboda haka akan auna kowace waya a rubuta mata tsawonta. Wani lokaci ma akan ƙara ko a rage waya da gangan domin daidaita lokaci.

Na uku shi ne hayaniyar da lezar kanta ke haddasawa. Lokacin da dubban bolt suka kunnu cikin 'yan nanosakan, kowace waya da ke kusa takan zama tamkar eriyar rediyo, ta kama wata sigina ta ƙarya. Da'irar da ke jira tana iya ɗaukar wannan a matsayin umurni ta harba leza ba lokacinta ba, abin da ke iya ɓata gwaji, ya lalata madubai masu tsada, ko ya cutar da idon wanda ke kusa. Domin kauce wa haka, a manyan cibiyoyi akan mayar da umurnin ya zama haske, a tura shi ta zaren gilashi, wanda hayaniyar lantarki ba ta shafarsa.

Komawa Livermore

Yanzu muna iya fahimtar abin da ke faruwa a cibiyar NIF, wadda aka kammala gininta a shekarar 2009. Kafin harbi, akan ɗauki kimanin minti ɗaya ana cika ɗimbin kafasitoci da makamashin da ya kai ɗaruruwan miliyoyin jul. Daga nan sai umurni ya tafi ga fitilun walƙiya 7,680, su haska na 'yan ɗaruruwan maikirosakan, su ɗura makamashi cikin faifan gilashin da ke ƙara wa haske ƙarfi. A daidai lokacin da gilashin ya cika, sai a saki wani ɗan raunanan bugun haske daga uwar leza guda ɗaya. Shi ake rarrabawa har ya zama 192.

Kowane haske yakan shiga wani sashe inda ake so ya ratsa gilashin sau huɗu. Wata babbar ƙofar Pockels ce ke tsare shi a ciki, sa'an nan ta sake shi bayan ya gama zagayensa. Tilas ta sauya hali a cikin ɗan taƙin da hasken ya ba ta baya, kafin ya dawo. Duka tafiyar, daga uwar leza zuwa gwangwani, wajen maikirosakan 5 ce. Babban agogo guda ne ke rarraba lokaci ta zaren gilashi zuwa na'urorin jira da ke warwatse a ginin, har da na kyamarori da na'urorin awo da ke kewaye da ɗakin harbin, mai faɗin mita 10.

Dalilin wannan tsanani shi ne, hasken da ya bugi bangon gwangwanin yakan rikiɗe ya zama hasken eksire, wanda ke matse ɗan ƙwallon ta kowane ɓangare har zafin tsakiyarsa ya haura digiri miliyan 100. Idan matsin wani gefe ya riga na wani, ƙwallon zai karkace, kamar yadda curin fura ke ɓullowa ta tsakanin yatsu idan aka matse shi ta gefe guda. Bugu da ƙari, ƙarfin kowane bugu yana hawa ne mataki-mataki bisa tsari cikin 'yan nanosakan, kuma kowane mataki yana da nasa lokaci.

Wajibi ne a faɗi gaskiya a nan, cewa wannan nasara ba ta kai ga samar da wutar lantarki ba. An ja wajen jul miliyan 300 daga layin wuta domin samar da hasken jul miliyan 2 ɗin nan, kuma babban aikin da aka gina cibiyar dominsa shi ne binciken da ya shafi makaman nukiliya na Amurka. Duk da haka an maimaita gwajin an kuma zarce sakamakon farko: a watan Yuli na 2023 an sami jul miliyan 3.88, a shekarar 2025 kuma aka haura jul miliyan 8.

Awon Nisan Wata

Ƙayyade lokacin harbi rabin aiki ne. Ɗaya rabin shi ne auna lokacin dawowar haske. A watan Yuli na 1969, 'yan sama jannatin Apollo 11 sun ajiye wani faifai mai ƙananan madubai 100 a kan wata, waɗanda ke mayar da haske ta inda ya fito. Tafiyoyin Apollo 14 da 15 sun ƙara nasu a 1971, haka kuma motoci biyu marasa direba na Tarayyar Sobiyat, masu suna Lunokhod, sun kai madubai ƙirar Faransa. Daga tashoshin duba taurari akan harba bugun leza zuwa waɗannan madubai. Matsakaicin nisan wata kilomita 384,400 ne, don haka zuwa da dawowa kan ɗauki sakan biyu da rabi da 'yan kai.

Hasken yakan bazu a hanya ƙwarai, har ya kasance daga cikin ƙwayoyin haske masu yawan 1 da sifili 17 da aka harba, da ƙyar ɗaya ko 'yan kaɗan ke dawowa cikin madubin hangen nesa. Ta yaya za a bambance wannan ƙwaya da sauran hasken sama? Kwamfuta takan lissafa lokacin da ake sa ran dawowarta, da'irar lokaci kuma ta buɗe idon na'urar awo na wani ɗan taƙi a daidai wannan lokaci, ta sake rufewa. Wata da'irar ta auna tazarar da ke tsakanin fita da dawowa. Kuskuren fikosakan 7 a wannan awo daidai yake da kuskuren milimita ɗaya a nisa, kuma tashar Apache Point da ke jihar New Mexico ta kai ga awon da ingancinsa ya kusa milimita guda. Ta wannan hanya aka tabbatar cewa wata yana nisantar duniya da santimita 3.8 a kowace shekara.

Inda Lantarki Ya Gaza

Da'irar lantarki tana da iyaka. Ƙasa da 'yan fikosakan, rawar lokacinta takan fi abin da ake son aunawa girma. Alhali kuwa tsinkewa da ƙulluwar ƙwayoyin zarra a cikin sinadarai suna faruwa ne cikin femtosakan. Ahmed Zewail, ɗan ƙasar Masar wanda ya yi karatu a Jami'ar Iskandariyya kafin ya koma Cibiyar Fasaha ta Kalifoniya, ya bi wata hanya. Ya raba bugun leza guda gida biyu. Kaso na farko ya tayar da sinadarin, na biyu kuma ya bi wata hanya mai ɗan tsawo ya iso daga baya ya duba halin da ake ciki. Tun da tushensu ɗaya, babu saɓanin agogo a tsakaninsu. Jiran kuwa da madubi ake saita shi: idan aka ja madubin baya da kashi ɗaya cikin dubu na milimita, hasken zai makara da kusan femtosakan 7. A shekarar 1987 shi da abokan aikinsa suka bi diddigin tsinkewar wani sinadari cikin kimanin femtosakan 200, kuma a 1999 aka ba shi kyautar Nobel a fannin kimiyyar sinadarai.

Ko a nan ma ba a sallami lantarki ba, matsayi kawai aka sauya. Lezar femtosakan takan fitar da bugu a jere, sau miliyan 80 a sakan a yawancin ɗakunan bincike, wato nanosakan 12.5 tsakanin bugu da bugu. Wani ɗan idon lantarki yakan kalli wannan jeri ya mayar da shi sigina, sauran na'urori su bi. Lezar ta zama ita ce agogon ke nan. Idan kuma ana so ta bi wani agogo na waje, sai wata da'ira ta riƙa gwada bugun biyu, in lezar ta yi gaba ko baya ta ɗan matsa madubinta guda har su daidaita. Irin wannan tsari, haɗe da zaren gilashi, shi ke riƙe da lokaci a babbar na'urar hasken eksire ta Turai da ke Hamburg a ƙasar Jamus, mai tsawon kilomita 3.4, wadda ta fara aiki a 2017.

Ga Malamai da Ɗalibai

Ba kowace makaranta ke da leza ba, kuma wadda ma take da ita bai dace a bar ɗalibai su yi wasa da ita ba, domin ko ƙaramar leza ta nuni tana iya lahanta ido. Amma tushen duk abin da aka bayyana a sama yana iya shiga aji da kuɗi kaɗan. Guntun 555, da rezista, da kafasita, da ƙaramar fitila, da batir mai bolt 9, duk ana samun su a wurin masu sayar da kayan gyaran rediyo. Malami na iya sa ɗalibai su lissafa jiran a takarda, su haɗa da'irar, su auna da agogo sau goma, su rubuta abin da suka samu. Za su tarar awon ya ɗan saɓa wa lissafi, kuma sau goman ba su zo daidai da juna ba. Sai a tambaye su: wane kaso na saɓanin ya fito daga kafasita, wane kuma daga yatsan mai danna agogo? Daga nan a kai da'irar rana ta yi zafi, a sake aunawa. Ɗalibin da ya iya amsa waɗannan tambayoyi ya kama hanyar aikin da injiniyoyin Livermore ke yi, bambancin kawai nasa kuskuren ana auna shi da kason sakan, nasu kuwa da fikosakan.